Bayan Dogo

Gwaggo dai kowa ya san ta da ciwon gwiwa, amma ranar Talatar nan a guje ta shigo gidanmu. Wallahi a guje. Matar da sai an kama mata hannu take hawa dakalin ƙofa, sai ga ta ta tsallake shi, sanda a hammata, mayafi yana jan ƙasa.

"Ina ƙanen nawa? Ina kafinta? A kira mini shi yanzu-yanzu!"

Ina zaune a tsakar gida ina duba littattafan 'yan ajina, Umma tana ninke wanki. Muka kalli juna. Baba ya fito daga rumfar aikinsa da fensir a kunne, garin katako har a gemu.

"Yaya, lafiya? Gobara ake yi?"

"Gara gobara," in ji Gwaggo. Ta zube a kan kujera tana haki, ta nuna ni da sanda. "Wannan mai sharar da 'yarka ta nace wa, yau Allah ya tona asirinsa."

Gabana ya faɗi. Dogo take nufi, mai shara da goge-goge a makarantar da nake koyarwa. Wata tara na yi ina kuka ina roƙo kafin Baba ya sauko ya ce to, manyansa su zo ranar Asabar a yi magana. Saura kwana huɗu ke nan. Har na fara ƙiba don murna.

"Na je gashin gwiwata a asibiti," Gwaggo ta ci gaba. "Labule ne kawai tsakanina da gadon da aka kwantar da shi. Ga ƙafafun nan nasa sun zarce gado, ko daga barci na tashi na gan su na san na Dogo ne. Da kunnen nan nawa na ji likitar tana ce masa, 'Maganar baya sai dai ka haƙura. Kai da ka ce aure za ka yi, ko jariri ba za ka ɗauka ba.' Kun ji ko? Yaron nan ba shi da baya! Ba zai haihu ba!"

Zanen da ke hannun Umma ya suɓuce.

"Innalillahi! Amma Yaya, a wajen gashin ƙashi kuma ake maganar haihuwa?"

"Ke kika yi karatun likita? Mai farin kaya dai ta faɗa, ni kuma na ji."

Baba ya juya yana kallon rumfarsa, ni kuwa na san abin da yake kallo. A jikin rufin rumfar akwai katako guda uku, dogaye, jajaye, waɗanda ya ɗaure tun ina 'yar firamare. Na gadon jikansa ne. Duk ƙarshen wata sai ya sauko da su ya goge, ya shafa musu mai, ya mayar. Masu saye sun yi roƙo har sun gaji. Kuma ni kaɗai Allah ya ba shi, ba wa, ba ƙane.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, "ki gaya masa kada kowa ya zo ranar Asabar."

"Baba, don girman Allah ka bari a tambaye shi tukuna!"

"Na yarda da tsintsiyarsa, na yarda da bokitinsa. Dangi suka yi ta surutu, na toshe kunnena saboda ke. Amma ke kaɗai gare ni. In ke ba ki bar baya ba, to ni ma ban bari ba."

Ya shige rumfa ya ja ƙofa. Na kifa kaina a kan cinyar Umma na fashe da kuka, hawaye har kan littafin wani yaro.

Gwaggo ta gyara zama, ta miƙe ƙafar da yanzu ta tuna tana ciwo.

"Ki yi kukan ki gama. Ai shi ya sa tun farko na ce ga ɗan maƙwabciyata, yaro mai shago, mai mota. Gobe ma zan zo da shi."

* * *

Washegari ban san abin da na koyar ba. Na rubuta kwanan wata sau biyu a allo, duka biyun ba daidai ba. Da aka buga ƙararrawar tashi, makaranta ta yi shiru, na ɗauki jakata na hau bene.

A aji na ƙarshe na same shi. Ya ɗora bencina duka a kan tebura, ya duƙa a kan mofar goge daɓe yana kai ta dama yana kai ta hagu, ga bokiti biyu a bakin ƙofa. Da ya ji takuna sai ya ɗago a hankali, ya washe baki.

"Malama, yau ko gaisuwa babu? Sau uku na goge ƙofar ajinki da safe, har daɓen ya fara ƙorafi."

Da a ce wata rana ce da na yi dariya.

"Jiya ka je asibiti?"

Murmushin ya ɓace. Ya matsa ya jingina da bango.

"Wa ya gaya miki?"

"Gwaggo ce a bayan labule. Ta ji komai, ta kuma kai wa Baba. Dogo, ka dubi Allah ka gaya mini, abin da likitar ta ce gaskiya ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne."

Ashe har lokacin ina da sauran fata a raina, sai da ya faɗa na ji ta tsinke. Na dafa tebur.

"Tun yaushe ka sani?"

"Ya kai shekara biyu ina jin alamarsa. Wata ukun nan ne abin ya yi tsanani."

"Shekara biyu! Kana kallona ina faɗa da dangina kaf a kanka, amma ka kasa buɗe baki ka gaya mini?"

"Tsoro nake ji, Malama. In 'yan ofis suka ji, za su ce ban dace da aikin ba, su nemo wani."

"Ina ruwan 'yan ofis da wannan?"

"Ai su ne da ruwa. Baba kuma in ya ji, zai ce ga shara ga lalura, me 'yarsa za ta yi da ni?"

"To ya ji. Ya ce kada kowa ya zo ranar Asabar."

Sai na ga idanunsa sun ciko. Namiji har namiji, wanda yake goge saman taga ba tare da ya hau kujera ba, ga shi yana share hawaye da bayan hannu.

"Shi ke nan," ya ce. "Baba bai yi laifi ba. Da ni ne shi, haka zan yi. Ki yafe mini, Malama. Ki auri mai lafiya."

Nan raina ya ɓaci.

"Ka rufe mini baki! Wa ya ce maka kaya ce ni da za ka miƙa wa wani? Saurare ni da kyau. Tun jiya nake tunani, na juya abin ta kowace fuska. Da zafi, ba zan ɓoye maka ba, da zafi ƙwarai. Amma da baya ko babu baya, kai nake so. In haka Allah ya rubuta mana, mu zauna mu biyu mu tsufa. Baba zai yi fushi, zai huce."

"Malama..." ya ce. "Ban san da me zan saka miki ba."

Muka yi ta kuka, shi a jikin bango, ni a jikin tebur. Da na ɗan samu numfashi na ce, "Likitar ta faɗi abin da ya jawo? Gado ne a danginku?"

"A'a, ba gado ba ne. Mofa ce."

"Me ka ce?"

"Mofa. Da bokiti. Da bencinan nan ma, in ji ta."

Na ɗago na zuba masa ido.

"Dogo, ina kuka kana mini wasa? Yaushe mofa ta fara hana haihuwa?"

"Haihuwa kuma?"

"To ba ita ake magana ba? Ba cewa aka yi ba ka da baya ba?"

Ya yi sororo, baki a buɗe. Can ya juya mini baya, ya dafa ƙugunsa da hannu biyu.

"Malama, wannan bayan. Wannan! Na nan!"

Ban san wanda ya fara ba. Na dai tsinci kaina zaune daɓas a kan jiƙaƙƙen daɓe ina dariya har da riƙe ciki, hawayen ɗazu na haɗuwa da na yanzu. Shi ma ya tuntsire, sai dariyar ta soke shi, ya ce, "Wayyo bayana!" Ai kuwa sai na ƙara fashewa.

"Wane daga ciki?" na ce.

"Don Allah ki bari, za ki kashe ni!"

Da muka lafa, ya ciro wata takarda a ninke daga aljihu. Ashe rabin magana Gwaggo ta ɗauko. Abin da likitar ta ce shi ne, in bai canza yadda yake aiki ba, to maganar lafiyar baya sai dai ya haƙura, ranar da ya haihu ko jaririnsa ba zai iya ɗagawa ba.

Ya zayyana mini yininsa, abin da nake gani kullum amma ban taɓa lura ba. Aji goma sha biyu, kowane aji benci ashirin, ya ɗaga su sama da yamma, ya sauke su da safe. Babu famfo a saman bene, sai ya cika bokiti biyu a ƙasa ya hau da su, sawu takwas, wata rana goma. Matsar mofa da hannu ta sa wuyan hannunsa kumburi. Yanzu ciwon daga ƙugu yake tasowa, ya bi ƙafar hagu har babban yatsa, wani lokaci ƙafar ta yi dundum kamar ba tasa ba.

"Amma babbar mai laifin ga ta," ya ce, ya miƙo mini mofar.

Na riƙe ta a tsaye. Ni da ba ni da tsawo, da ƙyar sandar ta kai ƙirjina. A jikinsa kuwa a cibiya take tsayawa.

"Ta tsohuwar da na gada ce, ita gajeriya ce. Sau biyu sandar ta karye a hannuna, duk lokacin sai a yanke inda ya tsage a sake buga ƙusa. Na nemi sabuwa, aka ce ai wannan tana aiki."

Kunya ta kama ni. Ni da nake cewa ina sonsa, shekara biyu yana tafiya a karkace ina cewa yanga ce.

Na karɓe takardar na sa a jaka.

"Ina za ki kai ta?"

"Wajen kafinta," na ce. Na sauka benen nan da tsalle kamar 'yar aji ɗaya.

* * *

Tun daga bakin layi na san Gwaggo ta cika alkawari, don ƙamshin ya riga ni isa gida. Ɗan maƙwabciyar tata, wanda ni da Umma muke kira Mai Turare, yana zaune a tsakar gida ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, makullin mota yana lilo a yatsa. Baba yana gefe yana atishawa.

Ko sallamar kirki ban yi ba.

"Baba! Ba wannan bayan ba ne! Bayansa ne, na jikinsa, gadon baya! Ciwon baya yake yi, mofa ce ta jawo!"

Umma ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ita dai ta gane nan take. Gwaggo kuwa ta buga sanda a ƙasa.

"Ƙarya ne! Sun haɗa baki. To jaririn fa da aka ce ba zai ɗauka ba?"

"Ɗauka, Gwaggo! Ɗagawa da hannu!"

"Ji 'yar nan! Ni za ki koya wa magana? Tun ba a haifi ubanki ba nake jin Hausa."

Na juya wajen Baba, na miƙa masa takardar da hannu biyu. Bai karɓa ba.

"Uwata, mai so babu abin da ba zai ƙago ba. Jiya kin ji, yau kin je kin dawo da wata fassara. Gobe kuma fa?"

"Baba, ban taɓa yi maka ƙarya ba."

"Ban ce kin yi ba. Shi fa?"

Mai Turare ya ga dama ta samu, ya gyara murya.

"Baba, ni dai lafiyata ƙalau, gaba da baya." Ya yi dariya shi kaɗai. "In aka ba ni ita, ta huta da alli. Gwaggo ta ce har katako kake ajiya na gadon jika. Ka huta, Baba, ai yanzu an daina yayin gadon katako. Na roba ake yi, mai ninkewa, shi zan sayo."

Na ga jijiyar wuyan Baba ta motsa. Shekara arba'in yana sassaƙa, yau a cikin gidansa ake ce masa an daina yayin katako. Ya dubi saurayin nan daga hula har takalmi.

"Allah ya sa albarka," ya ce kawai, ya tashi ya shige rumfa.

Gwaggo ta ce wannan ai amincewa ce. Na shige ɗaki na dasa sabon kuka. Umma ta biyo ni, ta zare takardar daga hannuna.

"Share hawayenki. Ubanki ba ya jin magana da kunne, da ido yake ji."

Ta fita. Ta taga na hango ta ta kai masa shayi, ta ajiye kofin a kan teburin aikinsa, takardar a ƙarƙashi.

Alhamis ta zo ta wuce, Baba bai ce uffan ba. Na yi ta leƙen fuskarsa, ban karanta komai ba. Juma'a da safe ma haka. Saura kwana ɗaya, kuma maganar da ke tsaye ita ce kada kowa ya zo.

* * *

Juma'a bayan an tashi, ina kulle ajina, sai na hango hular da na sani a ƙasan bene. Baba ne, hannu a baya, ya tsaya a gindin matakala. Na buɗe baki, ya ɗaga mini yatsa. Na haɗiye maganata.

Dogo bai gan shi ba. Yana hawa da bokiti biyu cike, kafaɗunsa sun zubo gaba. Ya yi taki shida ya tsaya ya cije leɓe, ya ƙara shida ya tsaya. Baba ya bi shi a baya ba ƙara, ni kuma na bi Baba.

A bakin aji Baba ya tsaya yana kallo. Dogo ya duƙa ya tsoma mofa, ya murɗe ta da hannu, ya lanƙwashe kusan biyu, ya fara juya ƙugu dama da hagu, ƙafafunsa a kafe wuri ɗaya. Bai yi layi uku ba Baba ya daka tsawa.

"Kai! Ajiye wannan abin!"

Dogo ya zabura, mofa ta faɗi. Da ya ga wanda ke magana sai ya fara ƙoƙarin rusunawa, fuskarsa ta yamutse don zafi.

"Ba... Baba, ina wuni?"

Baba ya ɗauki mofar, ya juya ta, ya duba ƙusoshin da aka bubbuga mata a karkace, ya shafa inda aka yanke.

"Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan aikin?"

"Mai gadi ne ya taimaka mini, Baba."

"Taimako! Wannan ai ko akuya ba za a ɗaure da ita ba. Shekara nawa kana aiki da ita?"

"Huɗu."

Baba ya ja tsaki mai tsawo. Ya ciro takardar likita daga aljihu, duk ta yi shatin kofin shayi, ya buɗe ta.

"Rubutun likitoci ba na iya karanta shi. Amma zane sana'ata ce." Ya nuna hoton wani mutum a tsaye, riƙe da sanda. "Nan an nuna sanda ta kai haɓa. Taka a ina take?"

Dogo ya nuna cibiyarsa.

"Ni ma na taɓa yin wata uku a kwance," in ji Baba, kamar da mofar yake magana. "Teburin aikin maigidana ne ya yi mini ƙasa. Ranar da na tashi, ƙafa na fara ƙara masa." Ya ciro tef ɗin awo. "Tsaya a miƙe. Jingina da bango. Ɗago kai, ba kunya na zo gani ba."

Ya auna shi daga ƙasa zuwa haɓa. Ya auna tafin hannunsa. Ya auna gindin bokiti, ya fita ya auna faɗin baranda, yana rubutawa a bayan takardar da fensirin kunnensa. Sannan ya naɗe tef, ya sa a aljihu, ya sauka abinsa. Ko kallona bai yi ba.

Muka tsaya cirko-cirko.

"Malama," Dogo ya ce a hankali, "awon me Baba ya yi mini?"

"Wallahi ban sani ba."

"In na makara ne, ki ce masa ya ƙara taƙi ɗaya. Ba na son ƙafafuna su leƙo."

Na kai masa duka da jaka.

* * *

Na tarar da rumfa a rufe, ƙarar zarto na tashi. Har magariba ana yi. Asabar da sassafe kuma sai ƙarar guduma. Da Baba ya fita alwala na leƙa ta kafar ƙofa, na ɗaga kai na dubi rufi. Katako biyu ne a ɗaure. Na uku babu shi.

Gwaggo, wadda ta iso tun kafin a share tsakar gida, ta tafa hannu.

"Ba na gaya muku ba? Ya fara haɗa gadon jika. Zai nuna wa ɗan maƙwabciyata katako ya fi roba. Ke dai ki shirya."

Na zauna a bakin ƙofar ɗaki, na rasa ma hawayen.

Wajen ƙarfe tara Baba ya fito yana kakkaɓe riga.

"A shimfiɗa babbar tabarma, a ɗora shayi mai yawa," ya ce wa Umma. Sannan ya dube ni. "Kira mini yaron nan."

"Wanne, Baba?"

"Yara nawa na auna?"

Na ɗauki waya na kira Dogo. Ashe yana bakin layi tun da safe, wai ya kasa zama a gida. Ya shigo da sallama, sanye da rigarsa mai kyau guda ɗaya, kai a ƙasa, kafaɗu a rusune yadda ya saba. Ya nufi Baba zai durƙusa.

"Kada ka kuskura ka sunkuya mini!" in ji Baba. "Daga yau a tsaye za ka riƙa gaishe ni, har sai likita ta sallame ka. Wanda ya ce ba ka da ladabi, ka turo shi wajena."

Ya shiga rumfa ya turo wata 'yar kura mai taya huɗu, da gurbin bokiti, da wani maƙali na katako biyu da ake dannawa da ƙafa a matse mofa. A kanta ga doguwar sanda, ja, sumul, tana sheƙi da mai. Na gane katakon tun kafin ya ɗago ta.

"Riƙe."

Dogo ya riƙe ta a tsaye. Kan sandar ya zauna daidai ƙarƙashin haɓarsa, ko yatsa ba zai shiga tsakani ba.

"Kurar nan a sama za ta zauna, ka tura ta aji zuwa aji. Ruwa rabin bokiti za ka riƙa hawa da shi, har a ja muku famfo, ita wannan mai bakin za ta rubuta wa ofis takarda. Benci ka lanƙwasa gwiwa ka ɗauka. In kana goge daɓe, ƙafa ce ke tafiya, ba ƙugu ba. Haka zanen ya nuna ko ba haka ba?"

"Haka ne, Baba."

"To gwada mu gani."

Aka ɗaura mata tsumma, Dogo ya ja layi ɗaya a simintin tsakar gida, ya dawo, a miƙe ƙyam. Sai a ranar na ga ainihin tsawonsa. Umma ta ce, "Masha Allah, ashe haka yake!"

Gwaggo ta yi ta kallon sanda tana kallon Dogo.

"To ni dai abin da na ji na faɗa," ta ce, murya ta yi ƙasa.

"Rabi kika ji, Yaya. Ina kike lokacin da aka faɗi rabin farko?"

Ta sosa gwiwa. "Lokacin ne aka ɗora mini abin nan mai zafi, na ƙwalla ihu." Da ta ga dariya na neman kashe mu, sai ta haɗe rai ta miƙa wa Baba sandarta. "Tunda awo ake yi, wannan ma ta yi mini gajarta. Wataƙila ita ke cinye mini gwiwa."

Baba ya karɓa ya ajiye. Ya matsa kusa da Dogo, ya dafa jan katakon nan, ya shafa shi yadda ya saba shafa shi duk ƙarshen wata. Muryarsa ta canza.

"Ka san wannan na mene ne?"

"Malama ta taɓa gaya mini, Baba."

"Shekara goma sha biyar ina ajiyarsa. Na yanko maka ɗaya, saura biyu, za su isa ƙaramin gado in na yi dabara. Ka riƙe mini wannan bayan naka da kyau, don a jikinsa nawa yake." Ya juya kai gefe ya yi tari, wai garin katako ne ya shiga masa ido. "Je ka taho da manyanka, shayi na hucewa."

Na rungume Umma na saki ihu, ina kuka ina dariya, ban damu da wanda ke kallo ba.

Dogo ya rungume sandarsa, ya juya da sauri, kai a sama, ƙirji a buɗe, ya nufi ƙofa. Bai taɓa bi ta ƙofar nan a miƙe ba.

Ƙum!

Ya dafe goshi, hularsa ta yi gefe. Gwaggo ta yi salati, Umma ta ce a kawo ruwan sanyi, ni kuwa dariya ta hana ni tashi.

Baba ya zare fensir daga kunne, ya ciro tef, ya nufi ƙofar yana girgiza kai.

"Wannan ma sai an ɗaga ta," ya ce. "Tunda ta nan zai riƙa shigowa."